Kura ko ƙura? Rigimar gida ɗaya a wasan cike gurbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Zangon da ya wuce na tsara wasan cike gurbi, irin na kalmomin kwance da tsaye, don mujallar makaranta. Jigonsa ƙofofin Kano, kuma muka sa kyauta. A kwance akwai GADON ƘAYA, sai na ratsa shi a harafi na shida da KURA a tsaye, na ce "dabbar da ke cin mushe da dare". Wata ɗaliba ta cike komai, ta bar wannan gidan fayau, ta rubuta a gefe cewa babu harafin da zai zauna a ciki. Alƙalan gasar suka ba wadda ta sa K. Tun ranar yarinyar ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba, abin yana hana ni barci. Abokin aikina ya ce ƙa'idar wasan ke nan ko'ina, ba a kula da ƙugiya, Faransawa ma haka suke yi. Shin na zalunce ta? Yaya zan gyara na gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan ita ce mai gaskiya, kuma ita kaɗai ta warware wasan. Ba ki yi da niyya ba, amma an tauye mata haƙƙi, kuma tun da abin ya hana ki barci na san za ki mayar mata da shi.

Maganar abokin aikinki nake so in tsaya a kai, domin kusan kullum sai na ji ta, daga bakin malamai, da masu buga takardu a shagunan kwamfuta, da masu yaɗa wasanni a Facebook da WhatsApp. Wai ƙugiya ado ce. Wallahi na gaji da wannan magana.

Tun ranar 21 ga Disamba 1913, da Arthur Wynne ya fitar da wasansa na farko a jaridar New York World, alkawari ɗaya ne ke riƙe da sana'ar nan: gidan da kalma biyu suka haɗu harafi ɗaya yake ɗauka, kuma harafin na kowacce ne. Mai warwarewa da wannan yake dogara. In ta kwance ta gagare shi, sai ya nemo ta tsaye ta buɗe masa hanya. Ɗalibarki ta san ƙofar, ta san dabbar, ta ga ɗaya na neman Ƙ ɗaya na neman K, ta ƙi rubuta ƙarya. Me ake nema wurin ɗalibar Hausa da ya wuce haka?

Batun Faransawa kuwa, gaskiya ne rabi, shi ya sa yake ruɗin mutane, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da suka saba da wasan a jaridun Faransanci. Lalle suna zubar da 'yan alamomin da ke kan wasula, É ya haɗu da E a gida ɗaya. Amma a abacadarsu É ba harafi ne mai zaman kansa ba, ƙamusunsu ma wuri ɗaya yake jera su. Mu fa? Buɗe Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, za ki ga K da babinsa, Ƙ da nasa, haka B da Ɓ, haka D da Ɗ. Wanda ya kamata a kwatanta mu da shi Sifaniyanci ne, inda Ñ harafi ne cikakke, kuma masu wasan can suna ba shi gidansa. Jaridun Amurka da suka saba rubuta AÑO, wato shekara, babu alamar da ke saman N, sun sha ƙorafi daga masu jin harshen, domin in an cire ta ma'anar kalmar dubura take komawa.

Mu ma muna da irin wannan abin kunyar a gida. Cire ƙugiyar ƘASHI ki ga abin da kika sa 'yar mutane ta rubuta a mujallar makaranta. ƁARI da BARI, FAƊA da FADA, ƘAFA da KAFA, BAƘI da BAKI: kowanne biyu kalmomi ne daban, ba su haɗa komai ba sai kamannin rubutu a idon wanda bai kula ba. Tun shekarun 1930 aka shigar da baƙaƙen nan masu ƙugiya cikin rubutun boko, da su manyanmu suka yi karatu suka buga littattafai a Zariya. Yau, da kowa ke da waya a aljihu, a ce wai mu ne za mu kasa? Gboard, manhajar rubutu ta waya, yana da allon Hausa, kyauta. Mai shagon da ya ce miki injinsa ba shi da Ƙ, ƙiwa ce ta hana shi nema.

Abin da ya sa nake kiran wannan ra'ayi haɗari, wasan cike gurbi shi ne wuri ɗaya da yaro ke zama ya ƙirga haruffan kalma ɗaya bayan ɗaya da son ransa, ba bulala ba jarrabawa. Abin da ya koya a nan yana zama. In malamar Hausa da kanta ta ba da kyauta a kan K a gurbin Ƙ, aji guda ya ɗauki darasin, kuma ba rubutun allo da zai goge shi.

Ga abin da zai ba ki mamaki: zanenki ba shi da aibi. Manuniyar kawai za ki sauya, wato bayanin da ke nuna amsa. Ki bar dabbar, ki rubuta "abin da iskar hunturu ke tayarwa". Amsa ta zama ƘURA, ta shiga GADON ƘAYA daram.

In kuma wasa da harafin kike so, akwai hanyar yin sa ta halak. Ranar zaɓen Amurka, 5 ga Nuwamba 1996, New York Times ta buga wasan Jeremiah Farrell, inda gida bakwai ke karɓar CLINTON ko BOB DOLE, manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu, kuma duk manuniya bakwai da suka ratsa wurin suna daidai ta kowace fuska. Ki gwada namu. A kwance: "abin da raƙumi ya saba da shi". A tsaye, daga harafin farko: "ba a son ta shigo gida". Wanda ya sa K ya samu KAYA da KURA, wanda ya sa Ƙ ya samu ƘAYA da ƘURA, duka sun ci. Kin ga a nan ƙugiyar ce ma ta haifi wasan.

Sauran gyare-gyaren ba su da yawa. Jigonki mai albarka ne, domin ƙofofin suna zuwa bibbiyu a tsawo, abin da ake buƙata don zanen ya daidaita in an juya takardar sama ta koma ƙasa: KABUGA da WAMBAI shida-shida, NASARAWA da DUKAWUYA takwas-takwas, KANSAKALI da ƊAN AGUNDI tara-tara. Ki fara dasa su, sannan baƙaƙen gidaje, sannan ciko. Zane mai gida 11 a kwance 11 a tsaye ya ishe ki.

Kada ki wahalar da kanki da salon Amurka, inda kowane harafi sai an ratsa shi ta fuska biyu. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka layin ƙasa da na gefen dama za su cika da A da I da U zalla, ba kalmar da za ta fito. Masu ƙarewa da baƙi irin su MAZUGAL, TAKWAS, MUTUM, ALHAMIS kaɗan ne, ki adana su don gefe. Salon Ingila, wanda kusan rabin haruffa kaɗai ake ratsawa, shi ya fi dacewa da harshenmu.

Baƙaƙe masu goyo, SH da TS, zaɓi ne. Masu wasan harshen Welsh na Birtaniya gida ɗaya suke ba LL da DD nasu. In kin bi su, TSINTSIYA gida bakwai ce, in kin raba tara ce. Duk wanda kika ɗauka ki rubuta shi a saman shafi, haka ma alhamzar NA'ISA, ki faɗi ko tana da gida ko babu. In manhajar da kike aiki da ita ta ƙi karɓar ƙugiya, ki ari haruffan da Hausa ba ta amfani da su: Q a madadin Ƙ, X a madadin Ɗ, V a madadin Ɓ, ki mayar da su kafin bugawa. Ta haka injin da kansa zai hana ki haɗa K da Ƙ.

Manuniya kuwa, inda rubutunmu ya yi shiru nan dukiyar take. Ba ma rubuta tsawon wasali da karin sauti, saboda haka kalma biyu kan zo da rubutu iri ɗaya sak, kuma wannan wasa ne mai tsabta. "Ana kwana a kansa, ana kuma shari'a a kansa": GADO. "Itacen miya ko aikin jariri": KUKA. Kacici-kacicin kakanni ma a shirye suke, "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" ta fi "abin shara" daɗi nesa ba kusa ba.

Yanzu batun yarinyar. Ki kira alƙalan ki buɗe musu ƙamus a babin K da na Ƙ. Wadda aka riga aka ba kyauta a bar mata abinta, ba laifinta ba ne. Ita kuma wannan a kira ta gaban taron safe, a faɗi abin da ta gano da dalilin da ya sa ta bar gidan babu komai, a ba ta tata kyautar. Wasan zango mai zuwa kuwa, kafin ya tafi wurin bugawa, ki miƙa mata shi da fensir ta fara warware miki.