Tambaya da Amsa: Daga ina kwesa ke samun haskenta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Agege, Legas. Ɗalibaina sun ƙure ni: an ce baƙin rami ba ya barin haske ya fita, an kuma ce shi ne ke kunna kwesa, wadda haskenta ya fi na tarin taurari guda. Ta yaya hakan zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibanki sun yi tambaya mai kyau. Kwesa tsakiyar wani tarin taurari ce mai tsananin haske, da katon baƙin rami a cikinta. Hasken ba daga cikin ramin yake fitowa ba, daga iskar gas ɗin da ke kewaye da shi ne, kafin ta faɗa ciki.

A 1963 masanin taurari Maarten Schmidt ya auna hasken wata kwesa mai kama da ɗigo a sama, mai suna 3C 273, ya gano tana can nesa, tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 2.4. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne hasken kwesa yakan sauya cikin makonni, wani lokaci kwanaki. Abu ba zai iya sauya haskensa gaba ɗaya cikin mako guda ba idan faɗinsa ya wuce tafiyar da haske ke yi a mako. Ke nan wuri ne ɗan ƙarami, amma yana fitar da hasken rana tiriliyoyi.

An yi hasashen manyan taurari ne, ko taurari masu fashewa a jere. Lissafin bai tashi ba. Tauraro irin rana, a kowane kilo ɗaya na haidirojin, giram 7 kacal yake mayarwa makamashi. A 1964 Edwin Salpeter da Yakov Zel'dovich, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo bayanin da ya tsaya har yau. Gas ba ya faɗawa ramin kai tsaye, juyawa yake yi ya zama faifai. Na kusa da ramin ya fi na nesa gudu, sai su riƙa gugar juna, zafi ya kai dubban digiri, faifan ya haska. A nan, a kowane kilo ɗaya, kimanin giram 60 ne ke komawa makamashi, idan kuwa ramin na juyawa da sauri, har zuwa giram 420. Wannan kwatancin, a ganinmu, shi ya kamata ki rubuta musu a allo.

Abin yana da iyaka. In haske ya yi yawa, shi da kansa ke korar gas ɗin da ke shigowa, in gas ya ƙare kuma kwesa ta mutu. Ramin da ke tsakiyar namu tarin taurarin ya kai nauyin rana miliyan 4, amma shiru yake, don abincinsa kaɗan ne.

Idan suna son ganin 3C 273, sai da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 20, tsakanin Maris da Mayu. Fitilun Legas za su dushe shi, sai kun fita bayan gari a daren da babu wata.