Tambaya da Amsa: Wai shuka zogale a tsakar gida ƙauyanci ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a. Dan Allah shawara nake nema a kan wani abu da wasu za su ce bai taka kara ya karya ba amma ni ya tsaya min a rai. Bara muka tashi daga gidan haya a Gwammaja muka koma gidan da maigidana ya gina a Hotoro kusa da na yayansa, to ni tun a gidanmu na taso na ga Inna tana shuke-shuke a tsakar gida, sai na samu buhunan siminti da tsofaffin bokitai na zuba ƙasa da taki na shuka alayyahu da yakuwa da rama da daddoya, na kafa zogale a jikin katanga har da lalle, kuma alhamdulillah abu ya yi kyau rabona da sayen ganyen miya har na manta. Ranar sunan 'yata sai faccalata, ita tashin Nasarawa GRA ce, ta shigo da ƙawayenta ta tsaya ta kalli buhunan ta ce wai ashe gona muka zo ba suna ba, suka sheƙe da dariya. Daga baya ta ja ni gefe wai tsakani da Allah take ba ni shawara, in kwashe tarkacen nan a shimfiɗa kafet giras da fulawa irin nata dan unguwar ba irin wadda na baro ba ce. Abin da ya fi ƙona min rai shi ma maigidan ya fara cewa ko a mayar da su can baya wajen tankin ruwa. Anti in cire ne ko in yi kunnen uwar shegu?
Daga wata 'yar uwa, Hotoro.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana jaririya ya albarkaci rayuwarta. Kar ki cire. Amma tsaya ki ji dalili, dan in na ce kar ki cire kawai na yi shiru, gobe ta sake yaɓa miki wata maganar sai ki sake kwana ba barci.

Ciyawar nan da take alfahari da ita kin san daga ina ta samo asali? Gidajen sarakuna da masu hannu da shuni na Ingila da Faransa. A can da, kafin a ƙirƙiro injin yanke ciyawa, wanda wani Bature Edwin Budding ya yi a Ingila a 1830, da lauje ake aske ta, mutane ne ake ajiyewa ana biyansu ba su da wani aiki sai wannan. To duk wanda ya shimfiɗa fili guda na ciyawar da ba a ci, ba a ba dabba, abin da yake gaya wa duniya shi ne ina da ƙasar da ba na buƙatar in noma kuma ina da barorin da za su kula min da ita. Shi ke nan saƙon, har yau kuma bai canja ba. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka ware wa kansu unguwa wajen Bompai da Nasarawa, dokar da aka yi zamanin Gwamna Lugga ma ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, wai dan tsoron sauro da zazzaɓi. Can suka yi manyan filaye da bishiyoyi da fulawa da gadina mai ban ruwa. Da suka tafi manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka gaji gadinan, suka kuma gaji kallon da ake yi wa wanda ba shi da su. Ita faccalar taki a nan ta buɗe ido, ban ga laifinta ba dan tana son abin da ta saba gani, laifinta shi ne da ta mayar da shi ma'aunin mutuncin wasu, a gidan suna kuma, gaban baƙi.

A Kano kuwa ciyawa kore shar a watan Afrilu ba ta nuna komai sai cewa gidan akwai bohol da sola ko janareto, da kuma wani bawan Allah da yake jan tiyo safe da yamma. Ruwa ne da gumin wani. Ki lura da kyau, yawancin masu irin wannan feleƙen in kika tambaye su sunan fulawar da ke ƙofar falonsu ko sau nawa ake ba ta ruwa, sai an kira gadina. Ke kuwa da hannunki kika haɗa ƙasa, kin san wadda take son rana da wadda take son inuwa. To tsakaninki da ita wa ya iya shuka?

Kuma maganar wai gona ba ta dace da birni ba, wanda ya faɗa bai san garin ba. Baturen nan Kilafaton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Sarakunanmu da kansu gandu gare su, Dorayi da Fanisau da Gandun Albasa, ita kanta Nasarawar da ake tinƙaho da ita gandun sarki ce tun kafin Bature ya kafa gida a wajen. Jakuna sun daɗe suna kwasar taki daga jujin cikin gari suna kai wa gonakin kewaye. Yau ma salak da kabeji da karas ɗin da ake yanka wa a gidajen gayu ana kiran shi salad, daga hannun 'yan lambu yake fitowa, na bakin Jakara da na Kadawa da Kura masu shan ruwan Tiga, a sauke a 'Yan Kaba. Ba a raina shi a faranti, sai in an gan shi a tsaye cikin ƙasa.

Wani abu da yake ba ni dariya kuma, jar fulawar nan mai faɗi da masu sayar da fulawa suke kira haibiskos, wadda nake da yaƙinin akwai ta a gidanta, dangi ɗaya suke da yakuwarki da ramarki, ki duba furensu ki gani. Doguwar bishiyar nan siririya da ake jerawa a jikin katangar manyan gidaje daga Indiya take, zogale ma asalinsa Indiya. Garinsu ɗaya, ɗaya ta sauka a gidan Alhaji ɗaya ta sauka a gidan Malam.

Toh amma fa ƙanwata zan gaya miki wadda ba za ki so ba. Buhun siminti ba ya jure ranar Kano, wata kaɗan sai ya fara yagewa ƙasa tana zubowa, bokiti wannan ja wannan shuɗi wannan fasasshe, in aka watsa su ko'ina dole tsakar gida ta yi kama da wajen 'yan gwangwan. Mai yiwuwa abin da ya dami maigidanki ke nan ba ganyen ba, maza ba su cika iya faɗin abin da yake damunsu daidai ba. Ki nemi tukwanen ƙasa ko ki sa a ɗaura miki bulo layi biyu a jikin katanga a cika da ƙasa, ki jera komai a layi, dogaye a baya gajeru a gaba. Zogalen ki riƙa sare kansa daidai ƙirjinki, zai yi rassa ya cika da ganye maimakon ya miƙe sama kamar sanda. Lallen ki aske shi ya zama shinge, in ya yi fure ƙamshinsa da daddare ya isa. Taki kuma ki bari ya ruɓe tukuna, musamman kashin kaji, ɗanye yana ƙona shuka ga wari ga ƙuda. Ki zauna da maigidan cikin daɗin rai ki nuna masa tsarin da za ki yi, ki ce ya ba ki zuwa ƙarshen damina ya gani.

Ita kuwa faccalar taki kar ki mayar mata da magana, Yayarku ce kuma zumunci ne na har abada. Ranar da kika yi kwaɗon zogale da ƙuli mai kyau ki zuba a kwano mai murfi ki aika mata. Ban taɓa ganin inda aka dawo da shi ba.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni magidanci ne a Rijiyar Zaki, na sa an dasa min ciyawa a ƙofar gida dan duk layinmu kowa ya yi, bazara na zuwa ta ƙone, na sake ta sake ƙonewa, ga shi ruwan ma wajen 'yan garuwa muke saya. Wane taki zan sa?
Daga wani magidanci, Rijiyar Zaki.

AMSA: Malam ba taki ba ne matsalarka, ruwa ne. Garin da ruwan sama yake ɗaukewa a watan Oktoba ba zai dawo sosai ba sai wajen Yuni, hunturu ya busar bazara ta gasa, ciyawar nan kuma saiwarta a sama-sama take kullum sai ta sha. Jarkar da za ka zuba mata ta iyali ce. Daidai ruwa daidai tsaki. Kar kuma ka ce za ka huce haushi ka malale wajen duka da siminti ko intalok, zafi zai riƙe ya hana ku barci. Ka dasa bishiyar inuwa guda ɗaya nesa kaɗan da katanga da sokawe, darbejiya ma ta isa tunda in ta kama ba ruwanta da kai, sannan ka ɗora boganbiliya, fulawar nan mai ƙaya mai launi ja ko ruwan hoda, a kan katanga, ita ƙarancin ruwa ma shi yake sa ta fure. Ruwan alwala da na wanke shinkafa a tara a bokiti a ba su. Maƙwabtan da ka ce kowa ya yi, ka tambaye su a asirce nawa suke kashewa, wasunsu neman wanda zai fara dainawa suke.

TAMBAYA: Salam Anti, ni ɗalibi ne ina zaune a Yakasai cikin gari, ina son fulawa sosai ina tara su a gwangwanayen madara a soron gidanmu, amma abokaina a majalisa kullum tsiya, wai aikin 'yan boko ne da 'ya'yan masu kuɗi, wai ana miya da fulawa ne, har kawuna ya ce in shuka abin da za a ci mana. Abin ya fara sa ni jin kunya.
Daga ɗanki, Yakasai.

AMSA: Ɗana na ji daɗin wasiƙarka dan ta nuna raini ba daga sama kawai yake gangarowa ba, daga ƙasa ma yana hawa. Wanda ya ce talaka bai isa ya so abu dan kyansa kawai ba, shi ma ya yarda da maganar waccan Hajiyar ta Hotoro ke nan, cewa kyau na masu kuɗi ne. Su abokan naka ana miya da ƙwallon da suke kwana suna musu a kai ne? Ana miya da zanen da magina suke yi a fuskar soraye tun kaka da kakanni, ko aikin da ake yi wa babbar riga? Mutanen cikin gari sun fi kowa sanin ado, fulawa ce kawai aka sa musu a rai cewa ta wasu ce.

Kawu kuwa ka bi shi a hankali, uba ne. Ka sa masa gwangwani biyu na daddoya da attaruhu a cikin jerin, in an tsinka an sa a miya ka ga magana ta mutu. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa duk musulmin da ya dasa ko ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, to ka samu ladan ka kuma samu zaman lafiya.

Tunda a gwangwani kake yi, ka huda gindin kowanne da ƙusa dan ruwa ya riƙa fita, yawancin fulawar da take mutuwa a hannun sababbin shiga yawan ruwa ne yake ruɓar da saiwarta ba ƙishirwa ba. Ƙarfe kuma yana ɗaukar zafi, da bazara ka ja su inda rana ba ta duka da azahar. Sannan ka nemi kariya, itaciyar nan mai ƙaton gindi da fure ja-ja da ake kafawa a shinge a ƙauyukanmu, tamu ce ta nan yankin, a ƙasashe irin su Tailan noman ta ake ana aure iri-iri ana sayarwa duniya, masu kuɗinmu su sayo a tukunya da tsada. Reshe ɗaya za ka yanko, ka bar shi a inuwa bakin yankan ya bushe, ka kafa a ƙasa mai yashi kar ka cika mata ruwa. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, ka wanke hannu in ka taɓa, ka kuma ɗora ta inda ƙannenka da awakin gidan ba za su kai ba.