Tambaya da Amsa: Abokin Karatuna Ya Rasu Yana Bina Bashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direba ne a Jidda. Makonni uku da suka wuce na buɗe zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban sakandarenmu, sai na tarar da hoton abokina da sanarwar rasuwarsa, har an yi sadakar uku. Shekara shida muka yi a ɗakin kwana ɗaya, shi a gadon sama ni a na ƙasa, kuma garin kwaki da ƙuliƙulin da mahaifiyarsa take aiko masa a kwano ɗaya muke cinsu. Da zan taho Saudiyya kuɗin jirgina bai cika ba, sai ya sayar da babur ɗinsa ya ranta mini naira dubu 80, ya ce in biya idan Allah ya buɗa. Allah ya buɗa, amma na yi ta cewa sai na je gida, har shekara 11 ta wuce. Ya bar mahaifiya da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shin zan iya yi masa sallar ga'ibi, wato sallar jana'iza daga nesa ba gawa a gaba, da Umara, sannan in yi sadaka da kuɗin a Harami da sunansa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, mu kuma ya kyauta namu zuwan.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai nauyi. Malam, kuɗin nan ba naka ba ne balle ka yi sadaka da su, kuma tun ranar da ya cika suka tashi daga nasa suka koma na magadansa. Idan ka raba su a ƙofar Harami, ka yi kyauta ne da dukiyar marayu ba da izininsu ba, bashin kuwa yana nan a wuyanka. Malamai sun yarda a yi sadaka da bashi ne idan an nemi mai shi da magadansa an rasa, kai kuwa ka san gidan, ka san har wadda take soya ƙuliƙulin. Abin da ya wajaba shi ne ka sanar da wanda yake kula da rabon gadon, a gaban shaidu, domin a haɗa kuɗin da sauran abin da ya bari. Bayan an biya bashin da ake binsa da wasiyyarsa, matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, mahaifiyar tana da sudusi, ɗaya bisa shida, ragowar kuma na 'ya'ya ne idan akwai namiji a cikinsu, namiji ya ɗauki rabon mata biyu.

Akwai kuma maganar adadin. Mafi yawan malamai sun ce abin da aka ranta shi ake biya, amma ni da kai mun san dubu 80 ta yau ba za ta sayi babur ba. Manzon Allah (SAW) ya taɓa rancen ɗan raƙumi, da ya tashi biya sai ya ba da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biyan bashi. Tunda ba sharaɗi aka gindaya maka ba, ƙarin ba riba ba ne. Da ni ne, da farashin babur a kasuwar yau zan tambaya, in canza riyal daidai da shi.

Sallar ga'ibi asalinta sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, a shekara ta 9 bayan Hijira. Malikiyya suna ganin wannan ya keɓanta da shi, Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta, Ibn Taimiyya kuma ya taƙaita ta ga wanda ya mutu inda ba a sallace shi ba. Abokinka an sallace shi, saboda haka addu'a ta wadatar.

Umara kuwa ka yi masa, muddin ka riga ka yi taka, kamar yadda hadisin Shubruma ya nuna game da yi wa wani Hajji, inda Annabi (SAW) ya ce wa mai niyyar yi wa Shubruma Hajji ya fara yin nasa tukuna. Daga masaukinka na Jidda za ka ɗauki harama, domin garin yana cikin mikati, wato ta ciki da iyakar da masu zuwa daga nesa suke ɗaukar harama. Fita zuwa Tan'im, a gefen Makka, domin ɗaukar harama na wanda yake cikin Makka ne. Ka ambaci sunansa wajen niyya. Idan kuma abokan zaurenku suka ce a yi karo-karo, ka tuna cewa hukuma a nan Saudiyya ta hana tara gudummawa ba da izini ba, don haka kowa ya aika nasa kai tsaye ga iyalin.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma na lura da shi a wasiƙarka: ba ka ce ka yi wa mahaifiyarsa gaisuwa ba, kuma ina zaton kunyar bashin ce ta hana ka. Kwana ukun zaman makoki ba su rufe ƙofar ta'aziyya ga wanda yake nesa ba. Ka kira ta yau bayan sallar Isha'i, lokacin yamma ce a Najeriya tunda mun riga su da awa biyu. Ka faɗa mata ko kai wane ne, ka ba ta labarin babur ɗin, domin mai yiwuwa har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa dalilin da ya sa ya sayar da shi ba.