Ba a jin bes ɗina in mun fara kiɗa, wane kan amfilifaya zan saya?

Tambaya: Salamu alaikum Oga Injiniya. Mu huɗu ne muke kiɗan punk a wani gareji ta wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, ni ke riƙe da jitar bes. Ɗan amfi na wat 40 ne, da mai ganga ya fara duka shikenan ko ni bana jin kaina. Na samu akwatin sifika na hannu mai sifika 4 'yan inci 10, an rubuta 8 ohm a bayansa, saura kan amfilifaya, wato na'urar da ke ba sifiku ƙarfi, da zan ɗora masa. Na ga wani an rubuta 2000W kuma da araha, in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Punk a Katsina, to Allah ya ba maƙwabta haƙuri. Wancan mai 2000W ɗin ka bar musu kayansu, araha bata ado. Irin wannan lambar ƙarfin da na'ura ke iya tunkuɗowa ne na ƙiftawar ido, kai kuma abin da zaka duba shi ne inda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da zata riƙe tana aiki ba tare da ta shaƙe ba, kuma dole a faɗa maka a ohm nawa ne, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta. Duk kan da bai rubuta wannan a bayansa ba ni ko kyauta sai na yi tunani.

Abin da yasa wat 40 ɗinka ya ɓace ba laifin hannunka bane. Ƙaramar murya ta bes tana cin wuta sosai, tsirkiyar E ta ƙasa wajen 41 Hz take, sai sifika ta tura iska mai yawa kafin kunne ya kama ta, shi yasa mai jita da amfi wat 50 na bawul (irin na da mai kwalaben gilashi a ciki) zai iya binne ka da ranka. Ga irin kiɗanku nemi tsakanin wat 300 zuwa 500. Amma kar ka zaci 500 ya ninka 250 a ƙara, ninka wat sau biyu 3 dB kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, ɗan ƙari ne kaɗan, kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai ka ninka wat kusan sau goma. Amfanin yawan wat shi ne na'ura ta samu sarari, in ka daki tsirkiya da ƙarfi kar sauti ya tsage.

Yanzu maganar 8 ohm ɗin nan, a nan mutane suka fi yin asara. Yawancin kawunan taransisto lambar da ke jikin kwalinsu a 4 ohm ce. Misali Ampeg PF-500 da Markbass Little Mark III duk wat 500 suke bayarwa a 4 ohm amma da ka jona su da akwati irin naka sai su dawo 300. Hartke HA3500 kuma 350 ne a 4 ohm, a naka 240. Ka ga kenan in ka sayi mai 300 abin da zai iso akwatinka bazai wuce 200 ba, to ka nufi mai 500 ɗin tun farko. Kuma akwatinka ba aibu bane, gobe in kuɗi sun samu ka ƙaro wani mai 8 ohm ka haɗa su biyu su zama 4, ka samu cikakken ƙarfi ga kuma sifiku takwas suna tura iska, wannan ya fi ƙarin wat tasiri nesa ba kusa ba. Abin da bazaka yi ba shi ne haɗa masu 4 ohm guda biyu, sun zama 2 kenan, in kan bai ce yana ɗauka ba zaka ji ƙaurin ƙonewa.

Na san in ka shiga intanet Ampeg SVT za a yi ta nuna maka, kuma gaskiya shi ne sarkin wannan harkar tun fitowarsa a 1969, wat 300 na bawul, shi mai bes ɗin Ramones, ƙungiyar punk ta Amurka, ya riƙa amfani da shi. Sai dai kan kaɗai ya haura kilo 35, bawul shida ne manya a cikinsa banda ƙanana, in ɗaya ya mutu ba a kasuwar Katsina zaka same shi ba, kuma in ka kunna shi ba sifika a jone zaka iya kashe taransifomarsa. Ka yi tunanin ɗora wannan a Keke Napep cikin zafin Afrilu. Ni dai shawarata kan zamani irin Class D, Gallien-Krueger MB500 ko kilo 2 bai kai ba, a jakar goyo zaka saka shi. In kuma tsohon Peavey ko Hartke mai nauyi ka samu a Sabon Gari Kano yana da lafiya ka ɗauka, masu gyaran rediyonmu sun fi gane cikinsu, shi Class D in ya lalace sau da yawa sai dai a canza allon gaba ɗaya.

Kayan gwanjo kuma ka juya bayansa kafin ka soka a soket. Namu 230V ne na Amurka 120V. Akwai wani yaro da ya kawo min nasa daga Daura, ranar da ya saya ranar ya jona shi kai tsaye, yace ƙara ɗaya ya ji sai hayaƙi, na buɗe na ga kafasito ya fashe kamar gurguru. Ko mai 230V ne ka sa masa sitabilaiza musamman in da janareta kuke, ka bari injin ya daidaita kafin ka kunna, sannan lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar fanka don in ta toshe kan zai ɗau zafi ya kashe kansa ana tsakiyar kiɗa.

Wani abu da ba kuɗi zaka kashe ba, saiti. Yara da yawa suna murɗa bes har ƙarshe su rage mid, wato sautin tsakiya, saboda yana daɗi in kai kaɗai ne a ɗaki, to da jita da ganga sun shigo sai ka zama gurnani kawai. A punk mid ne ke fito da kai, ɗaga wajen 500 zuwa 800 Hz, rage ƙasan kaɗan, ka kaɗa da fik, ɗan robar nan ta kaɗa tsirkiya, in kana son ɗan kaushin nan irin na bawul feda kamar SansAmp Bass Driver zata baka. Ka tabbata kuma kan yana da ramin DI na XLR, wato inda ake jona waya ta kai sautinka miksa kai tsaye, ranar da kuka samu wasa a babban hol ni da ke kan miksa daga nan zan ɗauke ka.

Ranar saye ka tafi da jitarka, in da hali har akwatin, ka kunna shi da ƙarfi na minti 20 ka taɓa bayansa ka ji zafinsa, ka murɗa kowane maɓalli ka saurari ƙarar ƙas-ƙas. Ka turo min hoton bayan akwatin naka ma in ga wat nawa yake ɗauka, baka faɗa min wannan ba.