Karɓar baƙuncin manyan wasanni: ina rabon talaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk ƙasar da aka ba baƙuncin gasar cin kofin duniya ko wasannin Olamfik, sai ka ji shugabanninta na cewa arziki ya zo, za a samu ayyukan yi, baƙi za su zubar da kuɗi. Da gaske talaka yana gani a ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abin da ke isa hannun talaka kaɗan ne, kuma tun daga takardar yarjejeniya ake yin rabon. Kuɗin nuna wasa a talabijin da na kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, su ne tsoka, kuma aljihun FIFA ko Kwamitin Olamfik na Duniya suke shiga. Suna ba masu shirya gasar wani kaso don gudanarwa, amma gina filaye da hanyoyi da samar da tsaro nauyin mai masauki ne. FIFA har yafe mata haraji take nema kafin ta ba da gasar, kuma Afirka ta Kudu a 2010 da Brazil a 2014 duk sun yafe.

Sai batun lissafi. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun bi diddigin wasannin Olamfik tun daga 1960, suka ga kowace gasar da suka samu alƙalumanta ta zarce kasafinta, a matsakaici ma fiye da ninki biyu. Dalilin a fili yake: ranar buɗe gasa ba ta ɗaguwa. Aiki na yin jinkiri sai a ƙara kuɗi, ɗan kwangila kuma ya san gwamnati ba ta da mafita. A 2013 hukumar kula da gasa tsakanin kamfanoni ta Afirka ta Kudu ta ci kamfanonin gine-gine 15 tarar rand biliyan 1.46 saboda haɗa baki wajen neman kwangiloli, ciki har da na filayen 2010. Birnin Montreal na Kanada kuwa sai a 2006 ya gama biyan bashin Olamfik ɗin 1976, wani ɓangare da harajin taba.

Ayyukan yi akwai su, sai dai ba sa daɗewa. Lebura da birkila su samu shekara biyu ko uku, ana gama gini a sallame su. Lokacin gasar kuma 'yan makonni ne kawai, kuma da yawan masu yi wa baƙi jagora 'yan sa-kai ne marasa albashi. A Olamfik ɗin Landan na 2012 sun kai 70,000. Inda ma'aikata suka tsira da wani abu, ƙwata suka yi: a Yulin 2009 ma'aikatan gini a Afirka ta Kudu sun shiga yajin aiki ana saura shekara ɗaya gasa, suka samu ƙarin albashi na kashi 12 cikin ɗari. Wannan ranar da ba ta ɗaguwa, su ma ta yi musu amfani.

Bayan an watse ne ciwon kan yake somawa. Filin birnin Manaus na Brazil a tsakiyar dajin Amazon wasa huɗu kacal aka buga a cikinsa a gasar kofin duniya ta 2014, birnin kuma ba shi da kulob ɗin da zai cika shi. Na Brasilia, mafi tsada a gasar, har wurin ajiye motocin bas aka mayar da harabarsa. Fili ko babu wasa yana cin kuɗin ciyawa da lantarki da masu gadi, kuma daga baitulmalin da ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ake cirewa.

Tambaya: Ni a ganina ko ba komai masu ƙananan sana'o'i za su yi ciniki, tunda dubban mutane za su taru. Ko ba haka ba?

Amsa: Da za a bar su, Hajiya, da sun yi. Dokar da Brazil ta kafa a 2012 domin gasar kofin duniya ta 2014 ta ba da damar killace har kilomita 2 kewaye da kowane fili, ba mai talla ko sayarwa a ciki sai da izinin FIFA da kamfanoninta. Matan birnin Salvador na Brazil masu soya acarajé, wani ƙosai na gargajiyar yankin, sai da suka yi ta ƙorafi da tara sa hannun jama'a kafin a bar wasunsu su kafa kasko a filin. Baƙin ma kuɗinsu a tikitin jirgi da manyan otal yake tsayawa, sannan masu yawon buɗe ido na yau da kullum sukan ƙaurace wa birnin saboda tsada da cunkoso.

Wanda ya fi mai talla shan wuya shi ne mai gida a inda ake son yin gini. Unguwar Vila Autódromo da ke maƙwabtaka da dandalin Olamfik na birnin Rio a Brazil tana da iyalai kusan 600. Lokacin da aka buɗe wasannin 2016 iyalai 20 ne suka rage.

Tambaya: To babu inda abin ya yi kyau ke nan?

Amsa: Akwai. Los Angeles ta ci riba sama da dala miliyan 200 a Olamfik ɗin 1984, domin ita kaɗai ta nemi gasar, ta gindaya sharuɗɗanta, ta yi amfani da filayen da take da su. Barcelona a 1992 ta jingina gasar da tsarin gyaran birni da take da shi tun da farko. Landan ta mayar da masaukin 'yan wasa gidaje kusan 2,800, kusan rabi masu rangwamen farashi, ko da yake haya a yankin ta yi tashin gwauron zabo daga baya.

Idan kana son auna alkawarin kowace gwamnati, malam, fara da tambayar wane kulob ne zai riƙe filin bayan gasa, kuma wa zai biya kuɗin kula da shi. Duba inda layin dogo ko na bas ya nufa: sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Rio unguwannin masu hali ya bi zuwa unguwar da dandalin Olamfik yake. Nemi adadin gidajen masu ƙaramin ƙarfi da diyyar waɗanda za a tasa a rubuce cikin doka kafin a aza tubali, don alkawarin baki ba ya kai ranar rufe gasa. Sai ka ga wa ya sa hannu zai cike giɓi idan kuɗi suka zarce. A mafi yawan lokuta gwamnati ce. Wannan lissafin ne ya sa jihar Victoria ta Ostareliya ta janye a 2023 daga karɓar wasannin Commonwealth na 2026, ta gwammace biyan diyya da ci gaba da aikin.