Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda 'Yan Sarin Mintuna Ke Tallata Kiran Ƙetare Ga Masu Jin Sifaniyanci A Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a Amurka akwai kamfanonin waya da ko turke ɗaya ba su da shi, amma suna sayar da kiran ƙasashen waje, kuma 'yan asalin Latin Amurka suka fi bi da talla. Ta yaya mutum zai sayar da abin da ba nasa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sari suke yi. Babban kamfani mai wayoyin ƙarƙashin teku da yarjejeniya da takwarorinsa na ƙetare yana sakin mintuna miliyoyi a farashin sari, ƙaramin ya kwasa, ya liƙa sunansa, ya sayar da ɗai-ɗai. Ƙofar ta buɗe sosai bayan an raba kamfanin AT&T a 1984, dokar sadarwa ta 1996 ta ƙara mata faɗi. Mai son shiga yana buƙatar izinin hukumar sadarwa ta FCC ƙarƙashin sashe na 214 na dokar sadarwa ta 1934, da rajista a fom 499-A domin biyan kason asusun USF, wanda ke tallafa wa isar da sadarwa ga kowa a ƙasar, da na'urar rarraba kira wadda ko haya ana bayarwa, da manhajar lissafin mintuna.

Dalilin bin masu jin Sifaniyanci a fili yake. Ƙidayar 2020 ta same su sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma wajen shida cikin goma tushensu Meksiko ne. Kuɗin da 'yan ci-rani suka aika Meksiko a 2023 ya wuce dala biliyan 60. Duk wanda ya aika kuɗi kuwa sai ya kira ya ji ko sun isa hannu.

Tambaya: Ina sha'awar harkar talla. A aikace, yaya suke isar da hajar ga waɗannan mutane?

Amsa: Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne ya ɗauki masu jin Sifaniyanci a matsayin kasuwa guda, ya fassara tallan Turanci ya manna. Ba haka abin yake ba. 'Yan Meksiko sun fi yawa a Kalifoniya da Teksas da Shikago, 'yan Kyuba a Miyami, 'yan Jamhuriyar Dominikan a New York, 'yan El Salvador a kewayen Washington da Los Angeles. Kowa da lafazinsa, kowa da farashin ƙasarsa. Shi ya sa gwani yake buga katin kira daban ga kowace ƙasa, da launin tutarta, ko hoton ƙwallo, ko sunan da zai tuna wa mutum gida, ya sa farashin wannan ƙasa kaɗai a ƙasa-ƙasa, ya mayar da ribarsa a kan sauran.

Sai wurin sayarwa. Ba ofis ba ne, ƙaramin kantin unguwa ne da suke kira bodega, da shagon aika kuɗi, da gidan wanki, da gidan mai. Ɗan sari yana ba dila kati a kan ragi, dila ya ba mai kanti a kan ragin da bai kai wancan ba, mai kanti ya sayar a kan dala 2 ko 5 ko 10 da ke rubuce. Ainihin tallan yana jikin takardar da aka manna bayan teburin mai kanti, mai jerin ƙasashe da manyan lambobin mintuna. Amma wanda ya fi takardar tasiri shi ne mai kantin kansa. Idan aka tambaye shi wanne ya fi kyau zuwa Gwatemala, wanda ya nuna shi za a ɗauka, kuma ba kasafai yake nuna wanda ba shi da kaso mai tsoka a ciki ba. Yawancin masu sayen da tsabar kuɗi suke biya, wasu ba su da asusun banki, don haka kalmomin "babu kwangila, babu binciken bashi" suna jan mutum fiye da ragin senti ɗaya.

A zamanin wayar gida an yi yayin lambobin da ake dannawa kafin lambar da za a kira, masu farawa da 10-10, waɗanda ke bi da kiran ta wani kamfani ba tare da an sauya na gida ba. Americatel ta yi suna da 10-10-123 a tsakanin masu jin Sifaniyanci. Tashoshin talabijin na Sifaniyanci, Univision da Telemundo, da gidajen rediyon unguwa su ne dandalin irin wannan talla. Daga baya aka koma tsarin da babu lambar sirri, irin Boss Revolution na kamfanin IDT: mai kanti ya yi wa lambar wayarka rajista, ka zuba kuɗi, na'ura ta riƙa gane ka da kanta. Wannan ya ba ɗan sari abin da kati bai taɓa ba shi ba, wato lambar mai saye, yana tura masa saƙon garaɓasa duk lokacin da ya so.

Kalanda ma kayan aiki ce. 10 ga Mayu ranar iyaye mata ce a Meksiko da Gwatemala da El Salvador, sai 12 ga Disamba, ranar bikin Budurwar Guadalupe a Meksiko, da jajiberin Kirsimeti. Wanda bai ƙara hanyoyin kira kafin waɗannan ranaku ba, layinsa zai cushe a ranar da aka fi buƙatarsa, kuma wanda ya kasa jin muryar mahaifiyarsa a wannan rana ba ya dawowa.

Tambaya: Wata 'yar uwata ta sayi katin dala 5 da aka rubuta minti 250, ko 30 ba ta samu ba. Ina sauran suka tafi?

Amsa: Hajiya, suna cikin ƙananan rubutun bayan katin. Minti 250 ɗin lissafin kira ɗaya ne tak, a yi shi a zama guda, zuwa wayar gida a babban birni, ta lambar shiga ta cikin gari, wato lambar da ake fara kira kafin a danna ta ƙetare. Wa ke kira haka? Mu ƙaddara misali, alƙaluman namu ne don fahimta: minti senti 2, ana lissafi uku-uku, kuɗin ajiye waya a ƙarshen kowane kira senti 49, kuɗin kula da kati senti 79 bayan amfanin farko. Kiran minti 4 zai zama 6, senti 12 ke nan, a haɗa da 49 ya zama 61. A cire wannan da 79 daga dala 5, saura dala 3.60. Irin wannan kira biyar kawai za ta ƙara. Kira shida, minti 24, kati ya mutu, in ma ba a sake cirar kuɗin kulawa a mako na biyu ba.

Akwai ƙari. Shiga ta lambar kiran kyauta mai farawa da 800 ya fi tsada. Kiran salula a ƙasashen Latin Amurka da dama ya fi na wayar gida tsada, domin mai kira ne ke biya. Lambobin Jamhuriyar Dominikan, 809 da 829 da 849, ana danna su kamar na cikin Amurka amma kuɗin ƙetare ake caja, saɓanin 787 da 939 na Puerto Rico. Sannan ɗan sarin da ya bi hanya mafi araha ido rufe yakan faɗa hannun masu amsar ƙarya, inda mita ke fara juyawa alhali wayar can tana ringin. A Oktoban 2015 FCC ta ci kamfanoni shida tarar dala miliyan 5 kowanne saboda yaudara a tallan irin waɗannan katuna. 'Yar uwarki ta duba abu uku kafin ta saya: lissafin minti ɗai-ɗai ne, babu kuɗin haɗawa ko na ajiyewa, da ranar ƙarewa. Katin da ya yi alkawarin mintuna kaɗan shi ya fi cika alkawari.

Tambaya: Idan aka kira mutum da Sifaniyanci aka sauya masa kamfanin kiran nesa bai ankara ba fa?

Amsa: Doka ta tanadi wannan, Malam. Sauyi ba ya halatta sai an tabbatar da izinin mai layi, misali da takardar izini mai sa hannu, ko tabbatarwar wani kamfani na uku mai zaman kansa da aka naɗi muryarta. Dole tabbatarwar ta kasance da harshen da aka yi cinikin, takardar izinin ma da harshen tallan, a kuma adana shaidar shekara biyu. Wanda aka sauya wa ba da izini ba, in bai riga ya biya ba, ba a binsa kuɗin kwana 30 na farko. Ya kira 1-700-555-4141 daga wayar gidan zai ji sunan kamfanin da ke riƙe da shi, sannan ya nemi kamfaninsa ya kulle layin daga sauyi. Masu tallan waya kuma ba su da damar kira kafin 8 na safe ko bayan 9 na dare, ko kiran wanda ke cikin rajistar hana kira da aka buɗe a 2003.

Tambaya: WhatsApp bai kashe sana'ar ba?

Amsa: Ya rage mata ƙarfi ƙwarai. A 2015 WhatsApp ya fara kiran murya, a shekarar kuma T-Mobile ta sa kiran Meksiko da Kanada cikin tsarinta ba ƙarin kuɗi. Abin da ya saura shi ne kiran tsofaffi masu wayar gida, da ƙauyukan da intanet ba ta da ƙarfi, da Kyuba inda minti ke da tsada har yanzu. Wasu 'yan sarin sun juya ga sayar da layin salula mai haɗe da kiran ƙetare, da aika kuɗi, da abin da suke kira recarga, wato mutum ya biya a kantin New York a loda wa ɗan uwansa kuɗin waya a layin Telcel ko Claro ko Tigo ko Cubacel nan take.