Ƙawata ba ta zo mini gaisuwa ba sai bayan arba'in: yaya zan san matsayina a wurin mutane?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi. Ina da ƙawa tun muna makarantar kwana, yanzu tana aure a Yauri. Duk wani sha'ani nata da ni ake yi, tun daga bikinta har sunan 'ya'yanta uku. Lokacin da mijinta ya yi asara a noman rani na ba ta rancen naira dubu 80 daga kwasar adashina, har yau ba ta biya ba, ni kuma ban tambaya ba. Watanni huɗu da suka wuce Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa bayan doguwar jinya. Saƙon murya kawai ƙawar nan ta turo mini ta WhatsApp. Ba ta zo ba sai bayan sadakar arba'in, ta kwana ɗaya ta koma, alhali a cikin kwanakin na ga hotunanta a wani biki sanye da anko. Wata maƙwabciyata da ban ɗauke ta da wani muhimmanci ba, ita ce ta riƙa kwana da ni a asibiti. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya mutum zai gane matsayinsa a wurin mutane? Kuma shin in yanke hulɗa da ita?

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ke kuma Allah ya ba ki haƙurin rashi.

Ƙanwata, ɓacin ranki yana da dalili. A wurinmu gaisuwar mutuwa ba ƙaramin abu ba ce, kuma zumunci a ƙafa yake. Duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙi shida da hadisin Muslim ya lissafa tsakanin Musulmi da ɗan'uwansa. Wadda ta san Mama tun kuna yara ya kamata a ce an gan ta a gidan kafin sadakar uku, ko aƙalla kafin bakwai. Duk da haka ina roƙonki kada ki yanke hukunci a wannan tsakanin. Wata huɗu da rashin uwa ciwo ne ɗanye. A aikina na ba da shawara kan zamantakewa na sha ganin yadda zafin rashi ke neman wanda zai sauka a kansa, tunda mutuwa ba a yi mata fushi, sai ya sauka a kan wani mai rai da ya gaza a kwanakin. Laifin nasa na gaskiya ne, amma nauyin da zuciya ta ɗora masa ya fi ƙarfin laifin.

Akwai abin da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka gano wanda ba shi da daɗin ji, amma yana rage wa mutum wahala idan ya san shi. A shekarar 2016 wasu masana daga cibiyar MIT ta Amurka da Jami'ar Tel Aviv sun tambayi ɗalibai 84 'yan aji ɗaya, kowa ya faɗi matsayin kowa a wurinsa, sannan ya yi hasashen matsayinsa a wurin sauran. Kusan duk wanda ya kira wani aboki ya ɗauka shi ma haka ake kallonsa. Da aka haɗa amsoshin, kusan rabi ne kawai suka zo daidai ta ɓangarorin biyu. Sauran rabin, mutum yana riƙe da wani a matsayin aboki, wancan kuwa sanayya kawai yake gani tsakaninsu.

Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya daɗe yana bayanin dalilin haka. A nazarinsa, mutum yana iya riƙe hulɗa mai ma'ana da mutane wajen 150, amma ba a matsayi ɗaya suke ba. Na jiki sosai wajen 5 ne, sai wajen 15 da ake damuwa da damuwarsu, sai 50, har zuwa 150. Abin da ke ajiye mutum a cikin na kusa shi ne lokaci da yawan haɗuwa. Ke kina garin da kika tashi, kin riƙe ta cikin biyar ɗinki tun makaranta. Ita ta bar gari, ta shiga dangin miji, ta haifi uku, ta yi maƙwabta da ƙawayen unguwa waɗanda take gani kullum. Mai yiwuwa ne ta matsar da ke zuwa cikin sha biyar ba tare da ta taɓa zama ta yi niyyar haka ba. Wannan ba cin amana ba ne, ko da yake yana da ciwo.

Sai kuma lissafin alheri, wanda kowa ke yin sa da son kai ba tare da ya sani ba. A 1979 Michael Ross da Fiore Sicoly a Kanada sun tambayi ma'aurata, miji daban mata daban, kason da kowa ke ɗauka na hidimomin gida. Idan aka tara abin da miji ya ce da abin da mata ta ce, sai ya zarce ɗari bisa ɗari. Ba ƙarya suke yi ba. Kowa wahalarsa yake tunawa, domin shi ya sha ta. Ke kin san yadda kika fita tasha da asuba ranar sunan ɗanta, kika jira mota ta cika, kika bi ta Jega da Koko kina rungume da ledar atamfa da sabulai da zanen goyo, kika isa Yauri ƙafafunki sun kumbura, kuɗin motar ma daga cefanen sati kika cire. Ita abin da ta gani shi ne kin shigo da fara'a, ta ce sannu da hanya, kika ce ai ba komai. Ba komai ɗin nan ta riƙe. To ki juya abin: a cikin shekarun nan me ta yi miki wanda ita ta sha wahalarsa, ke kika gan shi a matsayin ƙaramin abu? Ki zauna ki tuna da gaske, kada ki yi saurin cewa babu.

Game da tambayarki ta farko, rana ɗaya ba ta isa a auna mutum da ita ba, ko da ranar mai girma ce. Tsawon zama ake dubawa. Cikin shekaru biyu ko uku da suka wuce, wa ke fara kira? Idan ta kira, tana tambayar halin da kike ciki ta saurara, ko gaisuwa ce ta share fage kafin ta kawo buƙata? Ta san abin da ke damunki a gida da wurin aiki, ko ke ce kaɗai kika san nata? Ranar da kika taɓa ce mata ba ki da hali, fuska ta canza? Amsoshin waɗannan sun fi zuwan gaisuwa nuna inda kike a zuciyarta.

Kuma ana auna mutum ne da abin da yake iyawa. Matar aure mai yara uku ba ta tashi ta kama hanyar Birnin Kebbi don ta ga dama. Sai miji ya yarda, sai an sami mai riƙe yara, sai an sami kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tafiyar da a da ake yi ba tunani ta zama abin da ake tara wa kuɗi. Gidan da ya yi asarar noma har ya ci bashi ba lallai ne yana da wannan sukunin ba. Bikin da kika gani a hoto, a ina aka yi shi? Idan a cikin Yauri ne, ko na dangin mijinta ne wanda rashin zuwa zai jawo mata magana, to ba daidai yake da tafiyar awanni ba.

Akwai wani dalili da nake zargi fiye da duk waɗannan, wato bashin nan. Wanda ake bi bashi ya kasa biya yakan guje wa mai bin sa, kuma yadda yake jin nauyinsa haka gudun ke ƙaruwa. Ki duba ta ɓangarenta: kina cikin jinyar uwa, ana kashe kuɗin magani da gwaje-gwaje, ta san dubu 80 ɗinki suna hannunta a daidai lokacin da kika fi buƙatarsu, ba ta da su. Da wane ido za ta shigo asibitin hannu rabbana? Mutane da yawa a irin wannan hali sai su ɓuya a bayan saƙon waya, kunya ta hana su yin abin da zuciyarsu ke so. Ban ce tabbas haka ne ba. Zai iya yiwuwa abin da kike tsoro ne gaskiya, wato ta saba karɓa ne kawai. Amma daga nesa ba za ki iya bambance biyun ba.

Shi ya sa ba na ba da shawarar a gwada mutum da shiru, a daina kira a ga ko zai nema. Idan kunya ce ke riƙe da ita, shirunki zai tabbatar mata kina fushi, sai ta ƙara janyewa, ke kuma ki ce ga shi nan na faɗa. Kawaici hali ne mai kyau, amma ya kashe zumunci da yawa a garuruwanmu, kowa yana jiran ɗaya ya gane da kansa. Manzon Allah (SAW) ya ce idan mutum yana son ɗan'uwansa ya sanar da shi, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ki kira ta lokacin da kika san yara sun tafi makaranta, ki ce mata: "Wance, ke ce na fi sa ran gani a kwanakin da Mama ke kwance da ranar da ta rasu, da ban gan ki ba na ji ciwo ƙwarai. Ban so in riƙe ki a rai, shi ya sa na ce bari in faɗa miki." Ki tsaya a nan. Kada ki jero mata bikin da sunayen da kika je, domin da zarar kin fara lissafi ta fara kare kai.

Yadda ta karɓi maganar shi ne babbar shaidar da kike nema. Wadda kike da daraja a wurinta za ta ji nauyi, ta ba ki haƙuri, watakila ta fasa kuka ta faɗa miki abin da ya hana ta, kuma za ki ga canji a watannin da ke tafe. Wadda ba haka ba za ta ce ke kin cika mita, ko ta juya laifin kanki, ko ta ba da haƙurin baki ta koma yadda take.

Ko da na biyun ne ya faru, ban ga dalilin yanke hulɗa ba. Shari'a ta hana ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku, kuma shekarun da kuka yi tare ba abin zubarwa ba ne. Abin da za ki yi shi ne ki mayar da ita matsayin da ita ta ajiye ki. Gaisuwa tana nan, barka da sallah tana nan, in ta haihu ki kira ki aika da abin da ya sawwaƙa. Amma kwasar adashi da tafiyar asuba sun zama na waɗanda ke yi miki irinsu. Son maso wani ƙoshin wahala ne. Tirmizi ya kawo wata ruwaya mai cewa ka so masoyinka sannu-sannu, watakila wata rana ya zama abin ƙinka, ka ƙi maƙiyinka sannu-sannu, watakila wata rana ya zama masoyinka.

Nan gaba, kafin ki miƙa wa kowa wani abu, ki san sunansa a zuciyarki. Gudummawar biki kowa ya san ramawa ake yi, har rubutawa mata ke yi, kuma ba laifi ki sa ran a rama miki. Rance biya ake yi. Kyauta don Allah kuwa, Suratul Insan ta siffanta masu yin ta da cewa ba sa neman sakayya ko godiya. Yawancin ɓacin ran da ake kawo mini daga cakuɗa waɗannan yake fitowa: a baki an ce don Allah, a zuciya an rubuta bashi, wanda aka ba kuma bai san ana bin sa ba. Abin da kika san rashin ramawarsa zai hana ki barci, ko dai ki faɗi sharaɗinsa tun farko ko ki rage shi zuwa abin da za ki iya mantawa.

Maƙwabciyarki kuma ina so ki dube ta da kyau. A 2018 Erica Boothby da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa bayan mutane sun yi hira, yawanci kowa yana zaton son da ɗayan ya yi masa bai kai yadda yake a zahiri ba. Wato kuskuren namu ta fuska biyu ne: muna kai kanmu inda ba a kai mu ba, muna kuma kasa ganin masu riƙe da mu da daraja. Matar da ta bar ɗakinta ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, ta sha cizon sauro saboda uwar wata, ta daɗe da sa ki cikin na kusa da ita. Yadda kike ji game da ƙawarki, mai yiwuwa haka ita ma ta taɓa ji game da ke. Ki shiga gidanta takanas, ba don aron wani abu ba, ki zauna ki faɗa mata da bakinki abin da ta yi miki da yadda kika ji shi, kuma ranar da nata ya taso ki kasance cikin na farkon zuwa.

Maganar kuɗin kuma kada ki haɗa ta da maganar gaisuwa a rana ɗaya, ki bari a sami tazarar makonni. Idan kina da halin yafewa kuma zuciyarki ta yarda, ki faɗa mata a fili kin yafe, don ta daina ɓuya. Idan kina buƙatar kuɗinki, haƙƙinki ne, ki ce ta riƙa turo abin da za ta iya duk wata, ko dubu biyar-biyar ne, ku rubuta adadin da lokacin a saƙo yadda kowa zai riƙe, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi.